Rana Ɗaya, Sa'a Shida: Shingayen da ke Tsakanin Mutanen Jega, Aliero da Maiyama da Akwatin Zaɓe

A ƙarshen watan Fabrairu, lokacin da hunturu ke ja da baya zafi ke kunno kai, ba kasafai ake samun mai zaman banza a Aliero ba. Albasa ta nuna, ana cira, ana shanya, ana ɗurawa a buhu, manyan motoci na jere a bakin titi suna jiran lodi zuwa Legas, Ibadan, Anacha da Fatakwal. A fadamun Jega masu noman rani suna kan injin ban-ruwa tun asuba. A ƙauyukan Maiyama kuwa, samari da yawa sun tafi cin rani tun da aka kai amfanin damina gida.

A irin wannan lokaci ne Nijeriya ta saba kiran 'ya'yanta zaɓe. Tun daga 1999 zuwa 2023, duk zaɓukan shugaban ƙasa sun faɗo ne tsakanin Fabrairu da Afrilu. A zaɓen 2023 ƙa'idar ita ce kowa ya koma rumfar da ya yi rajista, a rana ɗaya, ya shiga layi tsakanin ƙarfe 8:30 na safe da 2:30 na rana. Wanda wannan sa'a shida ta wuce shi, sai bayan shekara huɗu.

Da an ga rumfa ba cunkoso, abin da ake saurin faɗa shi ne mutane sun gaji da siyasa. Akwai gaskiya a ciki. Amma a waɗannan ƙananan hukumomi uku, inda arziki ke tafiya a kan titi da cikin fadama, akwai dubban mutanen da ke son zaɓen, tsarin ne bai yi da su ba.

Masu kati da yawa, masu zaɓe kaɗan

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito. A 2011 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 54, a 2015 ya koma kusan 44, a 2019 kusan 35. A ranar 25 ga Fabrairu 2023, cikin mutum miliyan 93.4 da ke rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27. Tun dawowar mulkin farar hula ba a taɓa samun ƙarancin fitowa irin wannan ba. Wani ɓangare na raguwar ya samo asali ne daga na'urorin tantancewa, waɗanda suka rage aringizon ƙuri'un da a da ake rubutawa ba tare da mutum ya zo ba. Duk da haka, ba za a ce mutum bakwai cikin goma da suka zauna a gida duk na bogi ba ne.

Jihar Kebbi tana da masu rajista sama da miliyan 2 a 2023, a ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225. A zaɓen shugaban ƙasa, Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 285,175 a jihar, Bola Tinubu ya samu 248,088. Da aka zo zaɓen gwamna bayan mako uku, manyan 'yan takara biyu, Nasir Idris na APC da Aminu Bande na PDP, sun tashi da 409,225 da 360,940 a ƙarshe. Jiha ɗaya, rajista ɗaya, amma an samu ƙarin ƙuri'a sama da dubu 200. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa waɗanda ba a gani ba ranar farko ba ɓacewa suka yi ba. Idan kujerar ta kusa ce, aka bi mutane gida-gida, aka sauƙaƙa musu zuwa, suna fitowa.

Kuma mutanen wannan yanki sun san ƙuri'arsu tana da nauyi. Jega, Aliero da Maiyama suna cikin mazaɓar sanata ta Kebbi ta Tsakiya, tare da Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza, Gwandu da Koko/Besse. A nan ne a 2023 Sanata Muhammad Adamu Aliero, yana jam'iyyar adawa a lokacin, ya kayar da gwamna mai ci, Abubakar Atiku Bagudu, da ratar ƙuri'a sama da dubu 30. Zaɓen gwamna ma bai kammala a zagayen farko na 18 ga Maris ba, domin ratar da ke tsakanin 'yan takarar kusan dubu 45 ce, masu rajista a rumfunan da aka soke kuwa sun haura dubu 90. Sai da aka sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 15 ga Afrilu, cikin azumin Ramadan da zafin bazara, mutane suka tsaya a layi da ƙishirwa, kafin a san wanda zai mulki jihar.

Gadon ɗan Jega

Ba za a yi maganar zaɓe a Nijeriya ba tare da an ambaci sunan garin Jega ba. Farfesa Attahiru Muhammadu Jega, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma tsohon shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya riƙe hukumar zaɓe ta INEC daga 2010 zuwa 2015. A zamaninsa aka yi sabuwar rajista mai ɗaukar hoto da zanen yatsa a farkon 2011, aka kawo katin zaɓe na dindindin da na'urar karanta shi a 2015. A zaɓen wannan shekara ne a karon farko ɗan adawa ya kayar da shugaban ƙasa mai ci.

Gyaran ya toshe ƙofofin maguɗi da dama, amma kowace ƙofa da aka toshe wa ɓarawo ta zama ƙarin mataki ga mai gaskiya. Na'urar 2015 ta sha kasa karanta yatsun manoma, masunta da matan da aikin hannu ya cinye zanen yatsunsu. Har Shugaba Goodluck Jonathan sai da ta ba shi wahala a rumfarsa ta Otuoke. A lokacin kuma tantancewa daban, zaɓe daban: a tantance mutum da safe, ya jira ko ya dawo da rana. Mai gona a nesa ko mai jego sau da yawa ba ta dawowa. Daga baya aka haɗe matakan biyu, sannan Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022, ta ba na'urar BVAS gindin zama, mai tantancewa da yatsa ko da fuska. A 2021 hukumar ta ƙara yawan rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846 don rage cunkoso da nisa.

Duk waɗannan ci gaba ne. Abin da ba a taɓa ba shi ne tushen tsarin, wanda ya ɗauka cewa mai zaɓe mutum ne da ke zaune wuri ɗaya daga damina har rani.

Rajista da damina, zaɓe da rani

A duba yadda jadawalin zaɓen 2023 ya faɗa wa ɗan cin rani daga Andarai ko Mungadi a Maiyama, ko dillalin albasa daga Sabiyal a Aliero. An rufe rajista da sauya rumfa ranar 31 ga Yuli 2022, tsakiyar damina, yana gida yana noma. A garinsu zai yi rajista, domin nan yake, kuma a watan Yuli bai san ko Fabrairu za ta same shi a kasuwar Mile 12 ta Legas ko a Abuja ba. An fara babban rabon kati ranar 12 ga Disamba 2022, aka rufe ranar 5 ga Fabrairu 2023, lokacin da ya riga ya bar gida. Ƙa'ida ta hana wani ya karɓar wa wani, ko da mahaifinsa ne. Ke nan sai ya zo sau ɗaya ya karɓi kati, ya sake zuwa zaɓen shugaban ƙasa, ya kuma zuwa na gwamna, ko kuma ya bar sana'arsa ya zauna gida fiye da wata guda.

Hanyar ba gajera ba ce. Daga Legas sai an bi Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri da Koko kafin a iso Maiyama da Jega, tafiyar da ke cin yini da dare. Kuma an sha saɓa wa wanda ya ɗauki wannan wahala. A ranar 2 ga Afrilu 2011 an dakatar da zaɓen 'yan majalisar tarayya bayan mutane sun riga sun fito, saboda kayan aiki ba su iso ba. A 2015 an ɗaga zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A 2019 cikin dare, sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna ranar 16 ga Fabrairu, aka sanar da ɗagawa da mako guda. A 2023 an matsar da na gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris don sake saita na'urori. Mai albashi zai iya jiran mako guda. Mai facin takalmi ko mai turin ruwa da ya ci bashin kuɗin mota ba zai iya ba. Idan aka yi masa haka sau ɗaya, ranar da aka sake kiransa zai ce, “Wancan karon ma me na samu?”

A 2023 an ƙara masa da ƙarancin kuɗi. Sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya yi ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a a makonnin da suka gabaci zaɓe, ga kuma wahalar man fetur. An ce manufar ita ce hana sayen ƙuri'a. A kasuwanni irin na Jega da Aliero, inda ciniki ke tafiya da kuɗi hannu, abin da ya faru shi ne mai kaya ya kasa sayarwa, mai son tafiya gida ya rasa na mota. Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi ranar 3 ga Maris, bayan an riga an yi zaɓen shugaban ƙasa.

Waɗanda ke gida ma ba su tsira ba

Ranar zaɓe 'yan sanda kan hana zirga-zirgar ababen hawa daga tsakar dare zuwa yamma, don hana 'yan daba yawo da satar akwati. Dalilin mai kyau ne. Sai dai a mazaɓun karkara, inda mazaɓa ɗaya ke haɗa ƙauyuka da rugage masu nisa da juna, kamar yankunan Kimba, Dangamaji da Jandutsi a Jega, ko Liba, Karaye da Sambawa a Maiyama, ma'anar dokar ita ce tsoho da mai ciki da gurgu su taka da ƙafa. Makiyayi kuma ba shi da wanda zai bar wa shanu yini guda, ko da rani bai kai shi wata jiha ba.

Mata su ne kusan kashi 47.5 na masu rajista a ƙasar a 2023. Kada a manta cewa matan Arewa ba su yi zaɓen 1959 ba, ba su yi na Jamhuriya ta Farko ba. Sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, aka tabbatar da ita a tsarin mulkin 1979, bayan gwagwarmayar da irin su Hajiya Gambo Sawaba da Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da tsangwama a kanta. Yau doka ba ta hana mace, amma girki, raino, neman izinin maigida da tsoron rikici a rumfa suna iya hana ta. Idan malaman zaɓe suka makara, kamar yadda aka gani a wurare da yawa ranar 25 ga Fabrairu 2023, matan da suka yi sammako su ne farkon komawa gida, domin tukunya ba ta jira.

Masu buƙata ta musamman suna da tanadi a takarda. Dokar 2022 ta wajabta wa hukumar ta taimaka musu, an kuma tanadi jagorar takardar ƙuri'a ta makafi, gilashin ƙara girman rubutu ga zabiya, da ba su fifiko a layi tare da tsofaffi da masu ciki da masu goyo. Amma tanadin ba ya amfani sai ya iso rumfar ƙauye, kuma sai malamin zaɓe ya san da shi.

Ɗalibai ma haka. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006, da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, suna tara matasa daga garuruwa daban-daban. A 2023 sai da hukumar kula da jami'o'i ta ba da umarnin rufe jami'o'in ƙasar daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris, wani ɓangare don ɗalibai su samu komawa inda suka yi rajista. Ƙasa ta tsayar da karatu mako uku saboda ba ta da hanyar da ɗalibi zai yi zaɓe a inda yake.

Akwai kuma rukunin da ake mantawa da su, wato masu gudanar da zaɓen kansu. Kowace rumfa tana da ma'aikata huɗu, wanda ya kai mutum sama da dubu 700 a faɗin ƙasa, ban da masu tattara sakamako, 'yan sanda, sojoji, direbobin da ke kai kaya, 'yan jarida da masu sa ido. Malamin makarantar da ya yi rajista a Jega aka tura shi aiki Maiyama zai yini yana ba mutane takardar ƙuri'a, shi bai kaɗa ba.

Yadda jama'a ke cike giɓin

Abin da ke riƙe da zaɓe a wannan yanki shi ne ƙoƙarin da ba a rubutawa a rahoton hukuma. Idan aka buɗe rajista ko rabon kati, labari yakan bi tsohuwar hanya: daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sannan mai shela ya zaga gari. Limamai kan tunatar a huɗubar Juma'a da bayan salloli. A makarantun Islamiyya na matan aure, malama takan tambayi wadda ba ta karɓi katinta ba. Rediyo, musamman shirye-shiryen siyasa na dare, da saƙonnin murya a WhatsApp, suna kai sanarwa har ga wanda ba ya karatun boko.

Lokacin da hukumar ta sauko da rabon kati daga ofisoshin ƙananan hukumomi zuwa mazaɓu a Janairun 2023, an ga bambanci, domin tafiyar da ke cin kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ta koma tattaki. Matasa masu waya kan taimaki dattawa su duba sunansu da rumfarsu a shafin hukumar, abin da ya zama dole bayan an raba wasu tsofaffin rumfuna an mayar da mutane sababbi. A wurare da dama jama'a kan rubuta sunaye ko su raba lamba tun bayan sallar asuba don kada a yi turereniya, a ware layin mata daban, a shimfiɗa wa tsofaffi tabarma a inuwa, a kawo ruwan sha. Idan dare ya yi ba a gama ƙirga ba, a haska fitilar waya da ta babur.

Daga nan ne taken nan da ya karaɗe Arewa ya samu ƙarfi: a kasa, a tsare, a raka. Wato a kaɗa ƙuri'a, a tsaya a ƙirga a gaban kowa, a bi sakamako har wurin tattarawa. Talakawa ne suka ɗauki wannan aiki a kansu tun kafin a zo da shafin intanet na ɗora sakamako, kuma shi ne ya sa kayar da mai mulki ya zama abu mai yiwuwa.

Amma akwai wurin da wannan ƙoƙari ke gurɓata. Motar da ke kwaso 'yan cin rani daga Kudu sau da yawa ɗan takara ne ya biya ta. Mai kawo taliya, sabulu da atamfa gidan mata ba don Allah ya kawo ba. Wanda aka ɗauko kyauta daga Legas yakan ji nauyin saɓa wa wanda ya ɗauko shi, ko da ƙuri'a a asirce take. Haka shingen da tsari ya gina yake zama jarin ɗan siyasa: gwargwadon wahalar isa rumfa, gwargwadon arhar ƙuri'ar talaka. Shi ya sa sauƙaƙa zaɓe yana cikin manyan hanyoyin yaƙi da sayen ƙuri'a.

Zaɓen wuri: abin da wasu ƙasashe suka yi

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa rana ɗaya ba ta isar kowa. A Ghana akwai zaɓe na musamman da ake yi kwanaki kaɗan kafin babbar rana, domin jami'an tsaro, ma'aikatan zaɓe da 'yan jarida. Ana ajiye akwatunan a rufe, ba a ƙirga su sai ranar da kowa ya yi nasa. A Afirka ta Kudu ana ware kwana biyu kafin zaɓe, har ma'aikata kan je gida su samu tsoho, mara lafiya ko mai ciki da ya nemi hakan. A Amurka, sama da mutum miliyan 100 ne suka kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓen 2020, wasu da kansu wasu ta gidan waya.

Labarin Amurka yana da darasi na biyu. Baƙaƙen fata a jihohin kudancin ƙasar sun sha fama da dokokin da aka tsara don hana su zaɓe, har zuwa dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965. Da aka samu zaɓen wuri, majami'unsu suka mayar da shi al'ada: a tashi daga ibadar Lahadi, a shiga motocin da jama'a suka tanada, a wuce rumfa tare. A 2021 jihar Jojiya ta yi dokar da ta tsaurara sharuɗɗan zaɓe ta gidan waya, har ta hana miƙa wa mai tsaye a layi ruwa ko abinci. Ƙungiyoyin unguwanni suka amsa da ƙara bin gidaje da jan mutane su fita da wuri. Doka ta ba da dama, jama'a suka cika ta da ƙafafunsu. Ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba.

A Nijeriya, dokar da aka yi zaɓen 2023 da ita ba ta tanadi zaɓen wuri ga kowa ba. Bayan bitar wannan zaɓe, hukumar INEC da kanta ta ba da shawarar a samar da shi ga masu aikin zaɓe, ta kuma ce tunda BVAS na gane mutum da yatsa ko fuska, bai kamata katin dindindin ya zama shi kaɗai ne shaidar shiga rumfa ba. Sanata Abdulaziz Musa 'Yar'aduwa na Katsina ta Tsakiya ya gabatar da ƙudurin zaɓen wuri ga ma'aikatan da ke bakin aiki ranar zaɓe, ƙudurin kuma ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a 2025.

Masu ɗari-ɗari da wannan tsari suna da hujja. A ƙasar da aka sha sace akwati da rana tsaka, wa zai amince akwati ya kwana bakwai a ofis? Tambaya ce da dole a amsa ta da tsari: sunayen masu zaɓen wuri a manna su a fili tun da wuri, a cire su daga rajistar babbar rana, wakilan jam'iyyu su sa hannu a kan hatimin akwati, a ƙirga a gaban kowa. Tsoron maguɗi dalili ne na tsaurara tsaro, amma bai kai dalilin barin miliyoyin mutane a waje ba.

Abin da ya rage a yi

Ko da an samu zaɓen wuri ga ma'aikata, bai taɓa matsalar ɗan cin rani da dillalin albasa ba. Su abin da zai fi yi musu amfani shi ne sauya rumfa cikin sauƙi har zuwa kusa da zaɓe, da damar zaɓen shugaban ƙasa a duk inda mutum yake, tunda a wannan zaɓe ƙasar duka mazaɓa ɗaya ce kuma na'ura na iya hana mutum kaɗawa sau biyu. Rabon kati ya kamata ya zauna a mazaɓu, a kai shi kasuwanni ranar cinsu, a kuma fara shi tun damina lokacin da mutane ke gida. Dokar hana zirga-zirga tana buƙatar sassauci ga baburan da aka tantance don ɗaukar tsofaffi, masu ciki da masu buƙata ta musamman. Sannan kayan zaɓe su kwana a mazaɓa, a buɗe rumfa a kan lokaci, domin makarar sa'a biyu a ƙauye daidai take da korar rabin layin mata.

Waɗannan suna hannun majalisa da hukumar zaɓe, kuma wannan yanki yana da wakilai a can: sanatan Kebbi ta Tsakiya, ɗan majalisar Aliero/Gwandu/Jega da na Koko-Besse/Maiyama. Haƙƙin jama'a ne su tambaye su, a taro da a rediyo, inda suka tsaya a kan waɗannan gyare-gyare.

Akwai kuma abin da ba ya jiran Abuja. Ƙungiyoyin 'yan albasa, direbobi, 'yan kabu-kabu da na ci gaban gari sun saba haɗa kuɗi don biki, jinya da jana'iza. Za su iya buɗe asusun kuɗin motar zaɓe tun shekara guda kafin lokaci, domin ɗan gari ya dawo gida da kuɗin 'yan'uwansa, ba da na ɗan takara ba. Sarakunan Hausawa a Legas, Ibadan da sauran garuruwan Kudu za su iya tunatar da waɗanda suka zauna can dindindin su mayar da rumfarsu inda suke. Masu unguwanni sun san gidan da ke da tsoho ko makaho, za su iya tsara wanda zai raka shi. Magidanta kuma su sani cewa barin mace ta fita zaɓe da wuri, da riƙe mata yara na sa'a biyu, taimako ne ga gidan gaba ɗaya, domin asibitin haihuwa da makarantar yara da rijiyar burtsatse duk daga wannan akwati ake yanke su.

Ya ku mutanen Jega, Aliero da Maiyama, duk wanda ya kai shekara 18 ya yi rajista da zarar an buɗe, ya karɓi katinsa kafin ya ɗauki jakar tafiya, ya duba rumfarsa tun da sauran lokaci. Malamai da sarakuna su ci gaba da tunatarwa ba tare da nuna ɗan takara ba. Wakilanmu a majalisa kuma su yi aikin da aka tura su, su gyara doka yadda manomi, ɗan kasuwa, makiyayi da ma'aikacin zaɓe za su iya kaɗa ƙuri'a ba tare da sun yi asarar abincin iyalinsu ba. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya kuma ba mu ikon fita mu zaɓe su.